Ka ɗora Linux, to sai me? Tsohuwar laftof, Raspberry Pi ko VPS

Yawancin masu fara Linux ba wurin ɗora shi suke maƙalewa ba, wannan yanzu ya zama abu mai sauƙi, ka sauke ISO, wato fayil ɗin ɗorawa, ka zuba a filash da Rufus ko Ventoy, ka danna F9 in HP ce ko F12 in Dell ce ko Lenovo, ka bi tambayoyin har ƙarshe. Washegari ne matsalar take. Mutum ya canza hoton bango, ya buɗe Firefox ya leƙa Facebook, ya buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta ls ya ga sunayen foldoji, daga nan kuma bai san inda zai dosa ba, bayan sati biyu sai ka ji ya koma Windows yana cewa ai Linux ɗin ba wani abin a zo a gani a ciki. Alhali ba laifin Linux ba ne, aiki ne bai ba kansa ba. Shi ya sa in ka tambayi waɗanda suka daɗe a harkar kowa zai ce maka ka nemi wani ɗan aiki ka yi, sai dai kowa da wanda zai ambata, wani ya ce sayi ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ka haɗa Pi-hole mai tare talla, wani ya ce kama hayar VPS, wato kwamfutar wani kamfani da ake shiga ta intanet, ka ɗora shafi, wani ma ya ce in ba ka ɗora Arch, wani nau'in Linux mai wuyar ɗorawa, da hannunka ba ba ka fara ba. Duk suna da hujja, amma yawancin shawarwarin an rubuta su ne don mutumin da wuta ba ta ɗaukewa a gidansu kuma data ba ta ƙare masa, mu kuwa lissafinmu daban ne.

Ni ra'ayina tun daga farko, kar in ja ka da nisa: in kana da tsohuwar laftof da aka jefar a lungu, mai da ita sabar gida, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urorin gida hidima, ya fi duk sauran koyar da kai a kan kuɗi kaɗan. Amma bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya don wataƙila halin da kake ciki ba irin wanda nake zato ba ne.

Na farko da kowa ke yi shi ne farfaɗo da tsohuwar kwamfuta ya mai da ita ta amfanin yau da kullum. Wannan ya ƙara samun dalili tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ga shi Windows 11 na neman TPM 2.0 da firosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, to su EliteBook da Latitude da ThinkPad na hannu da suka cika shagunan Beirut Road a Kano da Banex a Abuja da yawansu ba su kai nan ba. Linux Mint mai Xfce ko Lubuntu suna tafiya lafiya a RAM 4GB, in ka cire tsohon HDD ka sa SSD ko ɗan 128GB ne za ka rantse an canza maka kwamfutar. Abin da za ka koya a nan shi ne raba faifai, shiga BIOS, bambancin UEFI da tsohon tsari, da kuma faɗan da za ka yi da katin wayfay in na Broadcom ne, wanda a Mint sai ka jona waya ta USB ka ara intanet ka buɗe Driver Manager ya ɗauko maka direba. Akwai kuma ɗan abin daɗi ga mai rubutu da Hausa, Linux na zuwa da tsarin kibod na Hausa a cikinsa, na Najeriya da na Gana, ka ƙara shi a saitin kibod ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ka je kwafowa daga wani wuri ba. To amma gaskiyar magana wannan aikin na yini ɗaya ne ko biyu. Mint an yi shi ne don kar ka buƙaci taminal, kuma ya yi nasara a hakan, za ka iya shekara kana amfani da shi ba ka san inda /etc, foldar saitin Linux, take ba. In burinka kawai ka samu kwamfuta mai aiki, ka tsaya a nan ba laifi. In kuwa ƙwarewa kake nema, wannan ƙofar shiga ce kawai.

Sai a lura da data tun kafin a fara. ISO ɗin Ubuntu 24.04 na tebur, wato mai tagogi da maus, ya kusa 6GB, na Mint wajen 3GB, shi kuwa ƙaramin na Debian da ake kira netinst bai kai 1GB ba, sauran abubuwan yana ɗauko su ne lokacin ɗorawa gwargwadon abin da ka zaɓa, in ba ka zaɓi tebur ba kaɗan zai ci. Kuma ka duba in kwamfutar 64-bit ce, don Ubuntu ya daɗe da barin 32-bit, Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 shi ma ya daina fitar da abin ɗorawa na 32-bit, irin waɗannan tsofaffin sosai sai antiX.

Yanzu ga wanda nake ganin ya fi. Laftof ɗin nan dai, ko da sikirin ɗinta ya fashe ko rabin kibod ya mutu, ka ɗora mata Debian ba tebur, a wurin zaɓen manhajoji ka cire alamar GNOME ka bar SSH server, wanda da shi ake shiga kwamfuta daga nesa, da kayan aikin asali kawai. Da ta tashi baƙin allo za ka gani da wurin rubuta suna, ba maus ba komai, kuma wannan shi ne amfanin, babu inda za ka gudu. Abu na farko da zai tare ka, in ka sa wa root, wato asusun da ke da iko a kan komai, kalmar sirri lokacin ɗorawa Debian ba zai sa ka cikin masu sudo ba, wato umarnin aron ikon root, kana rubuta sudo apt update zai ce ko dai babu sudo ɗin ko kuma ba ka cikin fayil ɗin sudoers, nan take ka koyi su - da usermod -aG sudo da kuma cewa sai ka fita ka sake shiga kafin rukunin ya kama. Abu na biyu, ka rubuta ip a ka ga adireshinta, ka koma ɗaya kwamfutar ko wayarka ka rubuta ssh da sunanka da adireshin, ka shiga daga nesa. Sai ka rufe murfin laftof ɗin don ka ajiye ta a kan durowa, sai haɗin ya yanke, don ta yi barci. Maganin yana cikin /etc/systemd/logind.conf, layin HandleLidSwitch, ka cire alamar # a gabansa ka mai da shi ignore. Kafin ka gyara wannan layin guda ɗaya ka riga ka koyi buɗe fayil da nano, ka gane dalilin da ya sa ya ƙi ajiyuwa ba sudo, ka ji sunan systemd a karon farko. Haka aikin yake tafiya gaba ɗaya, kowace matsala ƙarama ce kuma kowacce tana jawo ta gaba.

Daga nan sai ka ba ta aikin yi na gaske, mafi sauƙi shi ne ta zama ma'ajiyar fayiloli ta gida da Samba, manhajar da Andrew Tridgell ɗan Ostireliya ya fara a farkon shekarun 1990, ita ce ke sa Linux ya iya magana da Windows. Ka buɗe folda ɗaya, ka rubuta ɗan sashe a /etc/samba/smb.conf, ka gwada da testparm, ka sa kalmar sirri da smbpasswd -a don ta Samba daban take da ta shiga kwamfutar, wannan yana rikita mutane ba kaɗan ba. In ya yi, duk wanda ke kan wayfay ɗin gidan zai iya buɗe VLC a wayarsa ya ga karatuttuka da wa'azozi da finafinai da hotunan biki da aka tara, ba sai an riƙa yawo da filash ko ana Xender ba, kuma ba ya cin data ko kobo don duk a cikin gida ake, ko MiFi ɗin ba sabis a ciki matuƙar yana kunne zai haɗa ku. Sai dai wasu MiFi suna da saitin da ke hana na'urori ganin juna, in ping ya ƙi tafiya ka fara duba nan kafin ka zargi Samba.

A nan ne za ka haɗu da Permission denied, kuma a nan ne ake gane wanda zai koya da wanda zai wuce kawai. Ƙanwarka ta ce ta ga foldar amma ta kasa tura hoto, ka shiga intanet ka ga wani ya ce rubuta chmod 777, ka rubuta, ya yi aiki, to ka cuci kanka don ka buɗe wa kowa komai kuma ba ka fahimci me ya faru ba. Ka tsaya ka rubuta ls -l ka kalli haruffan nan na farkon layi, rwx sau uku, na mai fayil da na rukuni da na sauran jama'a, karantawa 4 rubutawa 2 gudanarwa 1, ka ƙirƙiri rukuni ka kira shi gida ka sa mutanenka a ciki ka ba foldar 770. Awa ɗaya zai ci maka, amma izinin fayiloli shi ne rabin matsalolin da za ka riƙa gani a kowace sabar har ka tsufa a harkar. Haka in ka jona babban faifai na waje, za ka so ya riƙa hawa da kansa duk lokacin da aka kunna, sai ka shiga /etc/fstab, ka ɗauko UUID ɗinsa da blkid maimakon ka rubuta /dev/sdb1 don wannan sunan yana iya canzawa, kuma don Allah ka sa nofail a layin, in ba haka ba ranar da wani ya zare faifan ya tafi da shi kwamfutar za ta tsaya a emergency mode tana jiran ka zo da kibod, SSH ɗin ma ba zai tashi ba. In faifan NTFS ne ko exFAT kuma chmod ɗin ba zai kama yadda kake zato ba, gara ka mai da shi ext4 in ba wani abu a ciki.

Babban abin da ya sa na fifita laftof a kan sauran na'urori shi ne batir. An ɗauke wuta tana nan tana aiki, ko batirin minti 40 yake riƙewa ya isa a tayar da janareta ko ta kashe kanta cikin tsari, ga sikirin da kibod a jikinta ranar da ka ɓata saitin netwok ka kulle kanka a waje. Wutar da take ci in sikirin a kashe yake galibi wat 10 ne zuwa 20, ƙaramin sola ma zai ɗauka. Inda take da rauni, in batirin ya ƙare ta mutu ba lallai ta tashi da kanta in an kawo wuta ba sai in BIOS ɗinta na da saitin kunnawa da zarar an jona caji, su Latitude da ThinkPad da yawa suna da shi. Sannan zafi, a watan Afrilu kar ka kulle ta a durowa ko ka ɗora ta kan katifa, kuma ka riƙa duba batirin, in ya fara kumbura cire shi.

Aikin da ya kamata ya biyo baya, wanda ma za ka iya yin sa a kowace irin na'ura, shi ne ɗan sikirif na bakof. Layi biyar ne ko shida na bash da ke kwafe foldarka mai muhimmanci zuwa wani faifai da rsync. Ƙarami ne a ido amma tarkunan da ke ciki sun isa makaranta. Alamar / a ƙarshen sunan folda tana canza ma'ana, da ita abin da ke cikin foldar za a kwafa, in babu ita kuwa foldar kanta za a kwafa, in kuma ka haɗa da --delete ka juya tushe da inda za a kai to ka share abin da kake son karewa, shi ya sa ake fara gwadawa da --dry-run a ga abin da zai yi tukuna. Wani tarkon, in faifan waje bai hau ba rsync ba ruwansa, zai zuba komai a foldar da faifan ya kamata ya hau ya cika maka faifan ciki, sai ka sa layin mountpoint -q a sama ya duba kafin a fara, ka ga ka koyi if ba tare da an ce yau darasin if za a yi ba. Sai batun lokaci. Kowa zai ce maka cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka saita masa, ka rubuta 0 21 * * * ya riƙa yi ƙarfe tara na dare, amma cron in lokacin ya zo kwamfutar na kashe ya wuce ke nan sai gobe, goben ma in ba wuta haka, kana nan kana zaton kana da bakof. Mu abin da ya dace da mu shi ne anacron ko kuma timer na systemd da aka sa wa Persistent=true, shi da zarar an kunna zai rama wanda ya wuce. In za a ce in zaɓi aiki ɗaya tak da ya fi koyarwa gwargwadon ƙanƙantarsa, wannan ne, sai dai ba shi da abin nuna wa abokai, ba wanda zai ce kai amma ka burge don ka yi bakof.

To Raspberry Pi fa, da shi ake ta talla. Na'ura ce mai kyau, an fara sayar da ita a 2012 daga Ingila a kan dala 35 don yara su koyi kwamfuta, Pi 4 ya fito a 2019, Pi 5 a 2023 a kan dala 60 mai 4GB da dala 80 mai 8GB a lokacin. Amma wannan kuɗin allon ne tsirara. Sai ka sayi caja mai kyau, Pi 4 na son 5V 3A, Pi 5 kuma har 5A, cajar waya ta bakin titi za ta sa ya riƙa kukan ƙarancin wuta, sai katin microSD, sai gida da fanka, sai wayar micro HDMI, ga kuɗin kawowa ga canjin dala, kafin ka gama lissafi ka kusa kuɗin laftof ta hannu wadda ta zo da sikirin da batir da komai. Kuma katin SD ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, a riƙa yi masa haka kullum wata rana zai ƙi tashi. Pi 4 ba shi da agogon ciki mai batir, in ya tashi ba intanet sai ya ɗauka har yanzu lokacin da aka kashe shi ne. Inda ya yi wa laftof fintinkau shi ne cin wuta, wat 3 zuwa 7 ne Pi 4, ba ƙara, kuma ana kawo wuta yake tashi da kansa. Sannan yana da fil-fil ɗin GPIO, in sha'awarka ta karkata ga lantarki, kunna famfon ruwa, auna zafin ɗakin kaji, sarrafa fitila, to babu laftof ɗin da za ta ba ka wannan, sayi Pi kanka tsaye. In kuwa Linux ɗin kake son koya, duk abin da za ka yi a Pi za ka yi a tsohuwar laftof, Raspberry Pi OS ma ai Debian ne aka gyara.

Shi kuma Pi-hole, wanda shi ne aikin da aka fi haɗa Pi da shi, ba dole sai a Pi yake tafiya ba duk da sunan. Aikinsa ya zama shi ne DNS na gidan, wato mai mai da sunan shafi zuwa adireshinsa, duk wayar da ta nemi adireshin kamfanin talla sai ya ce mata babu. Za ka koyi DNS da ƙofa ta 53 da adireshin da ba ya canzawa da DHCP, ilimi ne mai amfani ƙwarai, kuma allon da yake nuna maka yawan abin da wayoyi ke aikawa a ɓoye zai ba ka mamaki. Amma akwai abu uku da ba a cika faɗa ba. Ba ya tare tallan YouTube don tallan da bidiyon daga wuri ɗaya suke fitowa, kuma wasu don wannan suke haɗa shi. MiFi da rautocin da kamfanonin waya ke bayarwa da yawa ba sa barin ka canza DNS, sai dai ka bi waya ɗaya-ɗaya ka saita. Na uku shi ne mafi ciwo, in na'urar ta mutu duk gidan ba intanet ko da akwai data, kana kasuwa za a kira ka ana cewa me ka taɓa. Ɗorawar kanta kuma umarni ɗaya ne ka liƙa ka bi tambayoyi, ba wani gumi. Ni zan sa shi na uku ko na huɗu, ba na farko ba.

VPS daban yake da duk waɗannan. Hayar kwamfuta ce a ɗakin sabar wani kamfani, irin su DigitalOcean ko Hetzner ko Linode, ƙananan suna farawa daga wajen dala 4 zuwa 6 a wata, ba ruwanka da wuta ba ruwanka da zafi, kuma tana da adireshin IP na fili wanda duk duniya za ta iya isa gare shi. Wannan na ƙarshen shi ne abin da sabar gida ba za ta ba ka ba, don layukan waya galibi suna bayan CGNAT ne, wato ku da yawa kuke raba adireshi ɗaya, ko ka buɗe ƙofa a rautarka ba wanda zai same ka daga waje, sai dai ka bi ta irin su Tailscale ka shiga kai kaɗai. A VPS za ka ɗora nginx, manhajar da ke miƙa wa mutane shafinka, ka sayi suna ko na .com.ng ne daga dillalan da NiRA ta amince da su, ka nuna shi ga adireshin, ka sa certbot ya karɓo maka satifiket na Let's Encrypt kyauta ya riƙa sabunta shi da kansa, ka tura wa mutane su buɗe a wayarsu. Kuma a ranar farko ka rubuta journalctl -u ssh ka gani da idonka, layi bayan layi na na'urori daga ko'ina suna gwada root da admin da test, ba don sun san ka ba, haka suke bin kowane adireshi dare da rana. Bayan ka ga wannan ba sai an roƙe ka ba za ka koyi shiga da makulli maimakon kalmar sirri, ka hana root shiga kai tsaye, ka kunna ufw mai rufe ƙofofin da ba ka buɗe ba, ka sa fail2ban mai toshe masu yawan gwada kalmar sirri. Ka tuna ka buɗe ƙofa ta 22, wato ta SSH, kafin ka kunna ufw ɗin, kuma duk lokacin da za ka taɓa saitin SSH ka bar taga ɗaya a buɗe ka gwada da wata.

Ga mai neman aiki, ko na kula da sabar ko na gina shafuka, VPS ne ya fi kama da abin da za a ba shi ya riƙe a ofis, kuma shi ne abin da zai iya nunawa. Matsalarsa kuɗi ne da dala kowane wata da kuma katin da zai yarda ya biya a waje, wanda ba kowa ke da shi ba, ga kuma haɗarin cewa wanda bai san izini da SSH ba ya buɗe na'ura ga duniya, in aka shige ta aka yi ta'asa da ita sunansa ne a kai. Yaron gareji ai ba a motar kwastoma yake fara kwance inji ba, akwai mataccen injin da ke gefe don wannan. Shi ya sa nake cewa a yi wata ɗaya ko biyu a laftof ɗin gida tukuna, duk abin da ka koya a can da shi za ka tafi, umarnin iri ɗaya ne. Kuma yawancin kamfanonin da awa suke lissafi, kana iya buɗewa ranar Asabar ka yi gwajinka ka goge ranar Lahadi, amma gogewa fa ba kashewa ba, in ka kashe kawai kuɗi na ci gaba da hawa.

Akwai wani aikin da ba a cika ambata ba wanda a wurinmu yana da ma'ana sosai, Kiwix. Manhaja ce da ke ba ka damar sauke Wikipedia gaba ɗaya a fayil ɗaya mai suna ZIM ka buɗe ba intanet, akwai ta Hausa da ta Faransanci da ta Larabci, ta Turanci mai hotuna ta haura 100GB amma akwai ƙananan da aka ware na likitanci ko lissafi ko kimiyya. A Debian ka ɗora kiwix-tools, ka tayar da kiwix-serve a wata ƙofa, duk wanda ke kan wayfay ɗin ya buɗe burauza ya karanta. In kana koyarwa a makaranta ko Islamiyya ko kana da ɗan shagon kwamfuta a garin da sabis ke wahala, wannan ya fi Samba amfani ga jama'a, kuma darasin da ke ciki shi ne rubuta fayil ɗin service na systemd da kanka don ya riƙa tashi da zarar an kunna. Saukewar farko ce kawai mai cin data, a nemi inda ake da wayfay mai yawa ko a yi da garaɓasar dare.

Wanda ba shi da kwamfuta ta biyu fa? In RAM ɗinka ya kai 8GB ɗora VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfutarka, ka yi Debian ɗin a ciki, ka kunna VT-x a BIOS in ya ƙi, kusan duk abin da na faɗa na sabar gida za ka iya yi, har da garaɓasar snapshot, ka ɓata ka dawo baya cikin minti ɗaya. Raunin shi ne ba wanda ya dogara da ita, in ta lalace ba abin da ya dame ka, sai ka ga ka bar ta. WSL, wato Linux da ke tafiya a cikin Windows, yana da kyau ga mai koyon rubuta manhaja da bash amma yana ɓoye maka tashin kwamfuta da faifai da netwok. Mai waya kaɗai kuma ya sauke Termux daga F-Droid, ba root ba systemd, amma akwai bash da ssh da git da python, kuma daga nan zai iya buga Bandit na OverTheWire, wasa ne kyauta da kake shiga wata sabar ta SSH a ƙofa ta 2220 kana neman kalmar sirrin mataki na gaba da su find da grep da sort, rubutu ne zalla kusan ba ya cin data. Matakai goma sha biyar na farko sun fi bidiyon awa goma amfani.

Su Arch da Linux From Scratch kuwa a bar su tukuna. Mai sabon farawa in ya bi jagorar Arch kwafa yake yana liƙawa, ya gama bai san me ya yi ba sai dai ya samu abin faɗa a guruf. Bayan wata shida za ta yi masa ma'ana don a lokacin ya san fstab da systemd da sauransu a jikinsa. Haka Docker da Nextcloud da Jellyfin, duk za su zo, amma in ka fara da su kana liƙa fayil ɗin da wani ya rubuta, ranar da folda ta ƙi rubutuwa a cikin kwantena za ka dawo kan rwx ɗin da ka tsallake.

Saboda haka in akwai tsohuwar laftof, Debian ba tebur, SSH, Samba, sai sikirif ɗin bakof, a jere haka. In aiki kake nema cikin gaggawa kuma kana da katin dala, ka yi wata ɗaya a gida ko a VirtualBox sannan ka kama VPS mafi araha. Pi sai in lantarki ne a ranka ko kuma wat biyar ɗin nan ne kawai solarka za ta iya ɗauka dare da rana. Ko wanne ka ɗauka, ka buɗe fayil ɗaya ka riƙa rubuta duk umarnin da ka buga da dalilinsa, don history na bash a Debian layi 1000 yake riƙewa a zama ɗaya, kuma ranar da ka goge faifan don ka sake ɗorawa daga farko shi ma ya tafi.